Famfo Ne, In Ji Ƴan Fada

Mu dai a wannan yanki namu, daga Gidan Rumji har Gazawa, Allah bai rage mu da masana ba. Bari katafila ta ɗaga cokali ta ƙi sauke shi a bakin hanya, kafin direba ya diro an kewaye ta. Mai shayi ya bar tukunya a wuta, ɗan kabu-kabu ya jingine babur, mai amalanke ya tsai da shanunsa yana murmushin mugunta, don shi nasa injin bai taɓa zubar da mai ba. Wanda ko sifana bai taɓa riƙewa ba shi zai fara yanke hukunci: "Famfo ne." Na kusa da shi ya ce, "Ko tantama babu, tun daga kukanta na gane." Kafin a samu mai ita a waya an gama bincike, an yi kuɗin gyara, har an san wanda ya yi mata baki.

Halin nan namu ya fi fitowa fili a kan ƴar ƙaramar nan mai cokali a gaba, marar sitiyari, wadda ake kira Bobcat. Ba ta da yawa a wajenmu. Tifa da tarakta da manyan katafilolin masu aikin hanya sun fi ta yawa nesa ba kusa ba. Ita sai jefi-jefi, a hannun ɗan kwangilar da ya samo ta tsohuwa daga Turai ta Kwatano ko Lome, yana loda yashi da marmara da ita, ko yana cikon fili kafin damina. Sai dai da ita, da tifar da ke ɗaga bodi, da taraktar da ke ɗaga garma, duk mai ne ke yi musu aikin ƙarfi. Ciwonsu ɗaya, kuma hannun da ke kashe su ɗaya ne.

Asalinta ma abin raha ne. A 1957 wasu maƙera ƴan'uwa biyu a jihar Minnesota ta Amurka, Louis da Cyril Keller, suka haɗa wa wani mai kiwon talo-talo ɗan inji mai taya uku, don ya gaji da kwasar kashin tsuntsayensa a wuri mai ƙunci. Kamfanin Melroe na Dakota ta Arewa ya ɗauki aikin a 1958, mai taya huɗu ta fito a 1960, sunan Bobcat ya hau kanta a 1962. To, abin da aka ƙera don kashin talo-talo a ƙasar ƙanƙara shi muka kawo Agye cikin watan Afrilu, muka ce ya yi mana aikin ƙarti goma daga hantsi har magariba, in ya yi nishi mu ce rainin wayo ne.

Injin gas ɗin da ke bayanta ba ya taɓa taya, ba ya taɓa cokali. Aikinsa kawai ya juya famfuna. Biyu na tura mai zuwa tayoyi, ɗaya na hagu ɗaya na dama, kowane da ɗan injin da mai ke juyawa, shi kuma ya ja tayoyin ɓangarensa da sarƙa. Shi ya sa in direba ya tura hagu gaba ya ja dama baya, sai ta juya a inda take tsaye tana gurzar ƙasa. Wani famfon daban ke ɗaga hannuwa ya karkata cokali. Matsin man da ke cikin tiyon hannuwan nan yakan haura bar 200, alhali tayar ƙaramar mota bar 2 da ɗan kai ake hura mata. Tun ƙarni na 17 Bafaranshen nan Blaise Pascal ya bayyana cewa ruwan da aka tsare a rufaffen wuri, in an matsa shi ta gefe ɗaya, matsin na isa ko'ina daidai wa daida. Abin da mu ba mu so mu ji shi ne ɗaya ɓarin maganar: duk inda man ya samu kafa, a tiyo ne, a bawul ne, a zoben roba ne cikin silinda, ta nan ƙarfin zai sulale. Rashin ƙarfi na da uba goma. Famfo ɗaya ne daga cikinsu, kuma shi ya fi kowa tsada, shi ya sa muka fi son sunansa. Faɗin "famfo ne" na sa mutum ya ji shi babba.

Makaniken ƙwarai ba ya fara taɓa sifana. Tambaya yake farawa da ita, kuma nan ne muke fara ɓatawa da shi.

"Alhaji, da safe ma haka take, ko sai rana ta take?"

"Sai ta ɗan yi aiki."

"Hannu ne kaɗai ba ya ɗagawa, ko har cokali da tayoyi?"

"Wa ya lura?"

"Yaushe rabonku da canza filta?"

"Kai Malam, gyara na kira ka, ko tambayar kabari?"

Alhali amsoshin nan su ne rabin gyaran. In da sanyin safiya tana da ƙarfi, sai mai ya yi zafi ta mutu, to mai ya tsinke yana zurarewa ta inda ƙarfe ya cinye, a nan ana iya fara zargin famfo. In hannuwa kaɗai ko cokali kaɗai ke wasa, sauran lafiya lau, famfo ya fita zargi, a duba silindar wurin da bawul ɗinta. In ka ɗaga cokali cike da yashi, ka saki, ka ga yana sauka a hankali ba ko ɗigon mai a ƙasa, ta ciki yake zurarewa, ko zoben robar da ke kan fistin ya ci, ko bawul ya daina riƙewa. In tana ja gefe guda, kafin a sauke komai a duba iskar taya da sarƙa. In famfo na kuka mai gurza, mai kuma ya yi kumfa a tanki, iska yake sha: ko mai ya yi ƙasa, ko tiyon da ke kai masa mai ya saki, ko ragar da ke bakin tanki ta toshe. Duk wannan ba a kashe ko dala ba tukuna.

Akwai kuma wanda ya fi ban haushi. Injinan baya-bayan nan suna da wani ƙarfe da direba ke saukewa a gaban cikinsa bayan ya zauna. In bai sauka ba, ko maɓallinsa ya mutu, ko fis ya ƙone, injin zai tashi garau amma hannuwa ba za su motsa ba, da gangan aka yi ta haka. Mu kuwa inda muke ajiye ta da dare, jikin sito ne, kusa da buhunan gyaɗa da wake, unguwar ɓeraye. Ɓera ya ci waya ɗaya, da safe a sauke lafiyayyen famfo a ɗaure shi a bayan babur a nufi Maraɗi.

Amma babban laifinmu ba a bincike yake ba, a mai yake.

Mu a wajenmu mai mai ne. Littafin injin ya ce ga irin wanda za a zuba, wani lamba 46, wani 68, wasu tsofaffin ma man inji mara kauri aka yarda musu. Littafin nan kuwa tun a tashar jirgin ruwa aka rabu da shi. Abin da ke kusa shi ake zubawa. In an samu na idirolik, madalla. In babu, a zuba man inji mai kauri, a ce ai ya fi riƙe ƙarfi. In aljihu ya yi zafi, a tace baƙin da aka juye daga tifa da tsumma a ƙara, wai ai ba ƙonewa zai yi ba, turawa kawai ake yi. Jarkar da za a ɗauko shi ciki jiya fetur ta ɗauko, shekaranjiya ruwa, kafin nan man gyaɗa. Mazurarin kuwa gorar roba ce aka yanke, tana kwance cikin rairayi tun makon jiya. Yaro ya ɗauko ta ya buga a cinya sau biyu, ya goge da gefen riga, shi ke nan ta yi tsarki. Murfin tanki in ya ɓata, leda da robar taya sun wadatar.

To ga abin da idonmu ba ya gani. Tsakanin ƙarafan da ke gogar juna cikin famfon nan, ratar da aka bari ba ta kai kaurin gashin kai ba. Gashi ɗaya kimanin maikiron 70 ne, ido kuma da ƙyar yake ganin abin da ya gaza 40. Filtar idirolik ana yin ta ne ta kama ƙwayar da ta kai maikiron 10 ko kusa da haka. Ke nan ƙurar da ke kashe famfo ba ita ce wadda yaro ya kakkaɓe ba, ita ce wadda ta rage bayan ya ce ta fita. Mu kuma Allah ya zaunar da mu a hanyar hunturu. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hazon da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi yana sauka a kan komai, lallausa, ba ya ƙara a haƙori balle a ji shi. Makanike zai buɗe famfo a gindin bedi a bakin titin Caduwa, ya jera kayan cikinsa a kan buhu, a kira salla, a ci tuwo, manyan motoci na wucewa zuwa Damagaram, kana ya dawo ya wanke su da fetur ya mayar. Ya yi aiki tsakani da Allah, amma ya rufe yashi a ciki. Yashin nan ba ya narkewa, zagawa yake yi da mai, kowane zagaye ya kankare ɗan ƙarfe, ɗan ƙarfen shi ma ya shiga sahu.

Filta kuwa, wa ya ce ana jefar da ita? Kwancewa muke yi mu jiƙa a fetur, mu kai wa mai faci ya hura mata iska, mu mayar. Takarda ce a ciki, iskar ta yage ta, ta zama ado. Ko ba a wanke ba, in ta toshe akwai ɗan bawul da ke buɗewa ya bar mai ya wuce ta gefe ba tacewa, don kada famfo ya rasa mai. Sai inji ya ci gaba da aiki, maigida ya ce, "Ka gani? Shekara biyu ba mu canza ba, lafiya lau take." Kuɗin filta ƴan jikkuna ne. Famfon tayoyi kuwa yakan haura miliyan. Lissafin nan ko ɗan firamare zai yi shi, amma mu mun fi yarda da kashe miliyan rana ɗaya muna salati da a riƙa cire mana jika-jika muna gani.

Sai bazara ta zo da nata. Afrilu da Mayu zafin inuwa na haura digiri 40, shi kuma man idirolik in ya wuce digiri 80 ya fara dafa robobin da ke tsare shi, su bushe su tsage. Akwai lagireton da aka yi don sanyaya man, yana nan baya kusa da na ruwa. Je ka leƙa shi. Tun kaka yake shaƙar ƙaiƙayin gero da ƙurar aya, in a Agye ne ko Gazawa inda aya ke da daraja, har iska ta daina ratsa shi. Maganinmu bokitin ruwa. A sheƙa masa, ƙura ta zama taɓo, zafi ya gasa taɓon ya zama bulo. Abin da yake so kawai a hura masa iska ta baya, ƙazantar ta fita ta inda ta shigo. Damina kuma in ta sauka, injin da aka bari a wajen ɗibar yashi a bakin Gulbin Maraɗi da leda a bakin tanki zai sha ruwa. Ka duba man ka gan shi kamar shayin da aka cika wa madara. Wannan ba a ƙara masa, ba a tace shi da tsumma, juye shi ake yi duka.

Muna da dabaru biyu da ake gadonsu daga maigida zuwa yaro, kuma dukansu suna aiki, abin da ya sa suka fi haɗari ke nan. Ta farko, in silinda na yoyo, a zuba ɗan man birki a tanki. Robobi su kumbura, yoyo ya tsaya, a yi wa makanike kirari. Bayan ƴan makonni ba robar silindar kaɗai ba, duk wata roba da ke cikin injin ta yi laushi ta ruɓe. Ta biyu, in ƙarfi ya ragu, a nemo bawul ɗin da ke sakin mai in matsi ya yi yawa, a ɗaure sukurunsa. Sau nawa? Sai yadda hannu ya ji. Nan take cokali ya ɗaga, Alhaji ya yi dariya har da ƙarin kuɗin goro. Bawul ɗin nan kuwa shi ne mai raba faɗa tsakanin famfo da tiyo. Ka ɗaure masa hannu, wanda ya fi rauni a cikinsu shi zai fashe. Ba a taɓa shi sai da agogon awon matsi a ɗaure a layi, ana kallon allura. Agogon nan bai kai kuɗin taya ɗaya ba, amma ka zaga garejoji da yawa kafin ka ga mai shi. In ka tambaya a ce maka, "Kunnena ya fi agogo."

Gaskiya kuma kunnen na da aiki, kada a yi wa mutanenmu rowar yabo. Akwai wanda zai ɗora sukundireba a jikin famfo ya kara kunne a ƙotar, ya gaya maka wane ɓangare ke kuka. Akwai mai shafa bayan silinda ya ji inda ta fi zafi, ya ce nan mai ke zurarewa, kuma a buɗe a tarar haka ne. Akwai masu injin sassaƙar ƙarfe a Maraɗi da za su fitar maka da fin ko bushi daga guntun ƙarfen da wani ya yar. Hannu dai muna da shi, ba mu roƙi kowa ba. Wurin tsabta ne aka bar mu a baya, wurin da ba a buƙatar basira, sai haƙuri da murfi.

Tiyo ma labarinsa daban. Na idirolik yana da saƙar waya a ciki, wani hawa biyu wani huɗu, kuma bakinsa da injin matsewa ake danne shi. Mu in ya fashe, a naɗe shi da robar taya, a bi da waya, a tada inji, kowa ya ja da baya yana jiran ikon Allah. In za a sayo sabo, sai a aiki yaro da baki: "Ka ce irin na katafila." Zaren bakin tiyo kuwa iri-iri ne, na Amurka daban, na Ingila daban, na sauran Turai daban, ga ido duk ɗaya. Ya shiga zagaye biyu ya cije, a kawo dogon bututu a ƙara wa sifana, a murɗe shi da ƙarfin tuwo. In mai injin Bagobiri ne daga Tibiri, mai sayar da kayan kuma Bayarabe, to ranar an samu abin kallo. Wannan ya ce, "Bawana, ka sayar min da jabu," wancan ya ce, "Kai da ba ka san hagu da dama ba, wa ya ce ka taɓa kayan Turawa?" A yi ta yi har a sha shayi, a rabu ana dariya, tiyo dai na ci gaba da ɗiga. Da tsohon aka ba yaron ya tafi da shi a hannu, da ba a yi wannan doguwar tafiya ba.

Kayan gyara in Maraɗi ta gaza sai Katsina, in Katsina ta gaza sai Ƙofar Ruwa a Kano, a bi ta Ɗan Isa da Jibiya. Mun ga yadda abin ke zama in hanyar ta toshe. Najeriya ta rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin da aka yi a ƙasarmu ranar 26 ga Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024. A irin wannan lokaci zoben robar da bai cika tafin hannu ba sai ya zaunar da inji wata guda, ciyawa ta fito a ƙarƙashinsa, awaki su mai da shi inuwa. Ka ce wannan zai koya mana tattali. Ina! Famfo ya iso bayan wahala, a ɗaura shi ranar da ya zo, don aiki na jira. Ba a wanke tanki ba, ba a busa tiyo ba, ba a buɗe silinda ba, man jiya ma aka mayar don bai yi baƙi sosai ba. Garin ƙarfen da tsohon famfo ya zubar lokacin da yake mutuwa yana nan kwance a kowane lungu. Sabon ya sha shi, ya bi sawun tsohon kafin a gama biyan bashinsa. Laifin kuma ya koma kan mutumin Kano.

Duk wannan asarar dukiya ce, ana mayarwa. Akwai abubuwa biyu da ba wasa a cikinsu, ko a fada ba na dariyarsu.

Direba zai ɗaga hannuwa sama ya kashe inji, maigida ya ce wa yaronsa, "Shiga ka kwance min tiyon can." Abin da ke riƙe da hannuwan nan a sama man da ke cikin tiyon ne kawai. Masu ƙera ta sun sa wani ƙarfen tokare da ake kifawa a sandar silinda don irin wannan rana, sai dai a yawancin tsofaffin da ke iso mana ya daɗe da ɓacewa, mu kuma mu maye gurbinsa da reshen da aka tsinto, ko da "yanzu zan fito". Ko dai a sauke cokali ƙasa, a kashe inji, a saki matsin da ya rage yadda aka tsara wa injin kafin a taɓa kowane tiyo, ko a kai wa mai walda ya yi tokare na ƙarfe mai kauri daidai sandar. Wanda bai yi ɗayan biyun nan ba, kada ya tura ɗan mutane ƙarƙashi.

Na biyun ya fi ɓoyewa. Tiyo ya yi ƴar huda, ana ganin jiƙa ba a ganin inda take, sai a ce, "Yaro, shafa ka ji." Man da ke fita ta hudar allura da matsin bar 200 yana huda fata ya shige nama. A waje ɗan tabo ne kawai, zafin ma da farko ba yawa, yaron ya tsotse yatsa ya koma aiki. Da dare hannu ya kumbura, a shafa man zafi, gobe a kira wanzami. Kafin a yi shawarar asibiti naman ciki ya fara mutuwa, mutane sun rasa yatsu da hannuwa ta haka a ƙasashen da suka fi mu likitoci. Guntun kwali ake karawa a bi tiyon da shi, inda ya jiƙe nan ne. In kuwa tsautsayi ya riga ya faɗa, ba a kwana. Aikin tiyata ne, kuma awoyi ake ƙirgawa, ba kwanaki ba. Daga Gazawa zuwa Maraɗi kimanin kilomita 100 ne, a nemi mota a ranar. In an isa a faɗa wa likita ƙarara cewa man inji ne ya shige da matsi, don shi ma in ya ga tabon kaɗai yana iya wanke shi ya sallame ku, a kuma tafi da jarkar man ya ga irinsa.